Sayen Wando: Mu Duba Kafin Mu Biya, Mu Wanke Kafin Mu Sa

Ƴan'uwa manoma, idan kaka ta yi, hatsi ya shiga rumbu, magidanta na Dogon Kiriya da sauran garuruwan Arewa sukan sayar da ƴan tiyoyin hatsi ko wake, su yi wa kansu da yara sutura. Kuɗin wando gumin damina ne. Saboda haka ya kamata mu san abin da muke saye.

Wando iri biyu muka fi samu a kasuwanninmu, kamar ta Dogon Dutsi da ta Matankari. Akwai gwanjo, wanda wasu ke kira bosho. Akwai kuma ɗinkin tela.

Daga ina gwanjo yake zuwa?

Gwanjo tufafi ne da wasu suka riga suka sa a Turai, Amurka ko Sin. Ana ɗaure su dila-dila, a kawo su cikin jirgin ruwa. Shekaru da yawa ta Kwatano da Gaya suke shigowa Nijar. A shekarar 2023 aka rufe iyakar Nijar da Benin, sai kaya masu yawa suka koma bi ta Lome da Burkina Faso. Hanya ta ƙara nisa, kuɗin ɗauko kaya ya ƙaru.

Ba a wanke yawancin gwanjo kafin a ɗaure shi. A kasuwa kuma mutane da yawa sukan taɓa shi, wasu har su gwada.

Abin da za mu duba kafin mu biya

1. Mu je da awonmu. Tun daga gida mu auna ƙugu da tsawon ƙafa da igiya, mu yi ƙulli. Haka za mu yi wa kowane yaro. Wannan ya fi mu gwada wandon da ba a wanke ba.

2. Mu juya wandon, ciki ya koma waje. Mu ɗaga shi sama wajen hasken rana. Inda haske ya ratsa sosai, yadin ya ci, ya kusa yagewa. Hantsa da gwiwa da mazaunai su ne suke fara mutuwa.

3. Mu ja ɗinki da hannu biyu. Mu sa hannu cikin aljihu. Mu gwada zif da maɓalli.

4. Mu bi bakin ɗinki da ido. Nan ne ƙwarƙwata take ɓuya, take saka ƙwai.

5. Mu san irin yadin. Auduga tana shan gumi. Yadin roba yana riƙe zafi, kuma idan wuta ta taɓa shi sai ya narke ya manne wa fata. Ga yadda ake ganewa: zaren auduga idan aka ƙona shi yakan zama toka, na roba kuwa yakan dunƙule ya yi tauri.

Wandon jin yana da kauri. Yana kare ƙafa daga ƙaya da kaifin kara. Amma kada mu sayi matsattse. Cikin zafin ƙasarmu matsattsen wando yana tara gumi, yana goge fata, yana kawo ƙuraje da ƙaiƙayi a matsematsi. Mu zaɓi wanda za mu iya tsugunawa da shi ba tare da wahala ba.

Abin da za mu yi kafin mu sa

Ƙazuwa da ƙwarƙwata da makero suna iya bin tufafi su shiga gida. Mutum ɗaya ya kamu, sai ya shafa wa matarsa da yaransa. Hanyar tsare kai ba ta da tsada:

1. Kada mu haɗa sabon saye da kayan gida.
2. Mu jiƙa shi cikin ruwa mai zafi ƙwarai, ya yi aƙalla minti 10.
3. Mu wanke da sabulu, mu ɗauraye.
4. Mu shanya a igiya cikin rana, ya bushe sarai.
5. Mu goge shi da dutsen guga mai zafi, musamman bakin ɗinki.

Idan ƙaiƙayi ya kama mu, wanda yake tsananta da dare, da ƙuraje tsakanin yatsu, mu tafi gidan likita. Ana yi wa mutanen gida duka maganin ƙazuwa a lokaci guda, in ba haka ba sai ta dawo.

Wasu suna tsoron ɗaukar ciwon Sida daga gwanjo. Hankalinmu ya kwanta: Sida ba ta bin tufafi.

Ɗinkin tela

Wandon tela yakan fi gwanjo kuɗi a ranar saye. Amma da awonmu ake yanka shi, kuma ba wanda ya taɓa sa shi. Idan ya ɓalle, mai gyara yana nan kusa. Kuɗin ma a garinmu zai zauna. Mu wanke yadin auduga kafin mu kai wa tela, domin yana tsukewa a wankin farko. Mu ce masa ya ninka ɗinki a hantsa da aljihu. Mu karɓi ragowar ƙyalle, don ranar maho.

Wandon feshi

Duk wanda zai yi wa wake feshin maganin ƙwari, ya sa dogon wando mai kauri da riga mai dogon hannu. Da ya gama, ya tuɓe, ya yi wanka da sabulu. A wanke kayan nan su kaɗai, nesa da rijiya da kwanonin abinci. Kada a kwana da su, kada yara su taɓa su.

Masu magana sun ce araha ba ta ado. Wandon da ya yage cikin wata guda, ko ya kawo ƙazuwa gida, ya fi kowane wando tsada. Mu da muka iya karatu, mu karanta wa maƙwabtanmu wannan bayani kafin ranar kasuwa.