Awon Ruwa da Zafi a Lambu

Yaron da ke da lambu a bayan gida, kada ya dogara ga idonsa kaɗai. Sau da yawa hadari yakan taso da tsawa, amma a ƙare da yayyafi, ƙasa ta jiƙe sama-sama. Wanda ya yi garajen shuka ran nan, sai irinsa ya tsiro ya ƙone.

To, ga dabara. Ka sami gwangwani wanda bakinsa da gindinsa faɗinsu ɗaya. Ka kafa shi a fili, nesa da itatuwa da indararo, ka tokare shi da duwatsu don kada akuya ta ture shi. Kowace safiya ka tsoma tsinke ciki, ka gwada inda ya jiƙe da rula, ka rubuta, sa'an nan ka zubar da ruwan. In ya kai inci ɗaya, wato milimita 25, ƙasa ta sha sosai.

Ma'aunin zafi kuwa a inuwa ake rataye shi, gama rana takan sa shi ƙarya. A Kano, cikin Afrilu, zafi yakan kai digiri 40. Lokacin nan furen tumatir yakan zube, sai a yi masa rumfa, a riƙa ban ruwa safe da yamma.