Jan Ruwan Malanbil da Abin da Masu Auna Kogi Suka Gano

Duk wanda ya san Malanbil ya san kogin Kwara ne uwa da uban garin. A bakinsa kasuwar take, wadda a duk Jamhuriyar Benin sai Dantokpa ta Kwatano ce ke gabanta. A fadamunsa Dandawa da Hausawa da Zabarmawa suke noman shinkafa da albasa. A kansa kuma gadar da ta haɗa garin da Gaya ta Nijar take. Sai dai kogin da ke ciyar da garin shi ne kuma yake cinye shi. A 2010 ambaliya ta shafi mutum wajen 680,000 a ƙasar Benin, sannan a 2012 da 2013 ruwa ya sake malale gonaki da gidaje a Malanbil da maƙwabciyarta Karimama. Idan aka tambayi dalili, amsar da ke bakin kowa ita ce ruwan sama ya yi yawa. Amsar ba ƙarya ba ce, amma guntuwa ce, kuma sauranta yana hannun malaman jami'a da suka shafe shekaru suna auna kogin.

Kwara yana cika sau biyu a shekara. Akwai baƙin ruwa, wanda yake tasowa daga duwatsun Gini, ya daɗe yana ratsa fadamun Mali, sai ya iso yankin nan cikin sanyin hunturu, a natse, ya riga ya zubar da lakarsa a hanya. Akwai kuma jan ruwa na Agusta da Satumba, wanda koguna irin su Goruwal da Dargol da Sirba suke kwasowa daga Burkina Faso su zuba a saman Yamai, launinsa kuwa jar ƙasar da ya wanko ce. Abin da ya ɗaure wa masana kai shi ne, a shekarun fari na 1970 da 1980, lokacin da damina ta ja baya har kogin ya daina gudu a Yamai a 1985, waɗannan koguna na Sahel ƙaruwa ruwansu ya riƙa yi. Ruwa ba ya tsami banza. Masu bincike na Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da cibiyar AGRHYMET da takwarorinsu na Faransa, cikinsu har da Luc Descroix, sun bi sawun abin har gona. Fari ya kashe ciyawa da itatuwa, sassabe da kiwo suka ƙarasa abin da ya rage, ƙasa ta zama faƙo. Ruwan da a da yake nutsewa ya jiƙa saiwa, yanzu yana sauka kamar a kan rufin kwano, ya gangara kwari, ya yanka kwazazzabo, ya faɗa kogi da yashinsa. Daga baya wani binciken da aka buga a mujallar Nature a 2017 ya nuna cewa manyan hadaran Sahel masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku tun 1982, abin da masu binciken suka danganta da ƙarin zafin Sahara. Ga ƙasa ta ƙi shan ruwa, ga sama tana juye shi lokaci guda.

Wannan bayani yana da nauyi ga Malanbil, domin yana nufin kaso mai yawa na ruwan da ke shiga gidan mai shinkafa a can ba a Benin ya sauka ba. Kogunan Benin da kansu, Mekuru da Alibori da Sota wanda ke haɗuwa da Kwara a gefen garin, sun bi hanyar da aka saba, ruwansu ya ragu a shekarun fari, saboda ƙasarsu ta fi ta Sahel ciyayi. Ba a gane wannan bambanci da hasashe ba. An gane shi ne da aiki mai gundura wanda babu mai tafa masa: sandar awo a kafe a bakin kogi, mutum yana zuwa kullum yana rubuta inda ruwa ya kai, da kwanon auna ruwan sama a ƙauyuka. Shirin AMMA-CATCH, wanda jami'o'in Benin da Nijar suke ciki, yana da irin waɗannan tashoshi a yankin Jugu na Benin da kewayen Yamai da Gurma ta Mali. A ganina wannan awo shi ne binciken yanayi mafi amfani ga talakan bakin kogi, kuma shi ne ya kamata a fara ba kuɗi.

Wani zai ce mutumin da ruwa ya kai masa ƙirji ganuwa yake buƙata, ba takardar digiri ba. Gaskiya ne Malanbil na buƙatar ganuwar tare ruwa mai ƙarfi, musamman a kewayen filin noman rani na shinkafa mai kadada 516. Amma tsawon ganuwa ana yanke shi ne bisa cikar da kogi ya saba yi, idan kuwa aka dogara da lissafin shekarun fari, za a gina abin da jan ruwan yau zai tsallake. Yamai ta ga haka a Satumban 2020, lokacin da kogin ya kai matsayin da ba a taɓa aunawa ba, ganuwa ta fashe, unguwanni suka nutse. Kuma binciken ya nuna wani magani mai arha wanda ba a bakin kogi yake ba: a mayar wa faƙo ƙarfin shan ruwa. Manoman Maraɗi da Damagaram sun yi haka da sassaben zamani, suna barin tohon itatuwa a gona suna renonsa, har aka ƙiyasta kadada miliyan 5 sun farfaɗo. Ramukan tassa da na rabin wata da ake haƙa a gona su ma aikinsu ke nan, riƙe ruwa inda ya sauka.

Wani kuma zai ce masunta da manoma sun san kogi tun kafin a kafa Jami'ar Abomey-Calavi a 1970 ko ta Paraku a 2001. Haka ne, kuma malamin da ya raina wannan sani ya cuci kansa. Sai dai sanin gado ya ginu ne a kan kogin da ya saba da lokacinsa, kogin kuwa ya sauya hali. Inda ƙorafin ya fi ƙarfi shi ne wajen isar da sakamako. Ɗalibai suna zuwa daga kudu, su yi wa manoma tambayoyi, su koma su rubuta da Faransanci ko Turanci, manomin bai sake jin duriyarsu ba. Wannan laifin jami'a ne, bai kamata a rufa mata asiri ba. Tun 2006 masana suka gano ƙwayar halittar da ke sa shinkafa ta jure nutsewa har kusan mako biyu. Aikin tsangayar noma ta Paraku ne ta gwada irin shinkafa mai wannan ƙwayar halitta a fadamar Malanbil tare da manoma, ta faɗa musu sakamakon da Dandanci da Hausa a rediyo, kafin lokacin shuka.

Babban cikas yanzu shi ne iyaka. Tun bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka rufe gadar, fatake suka koma tsallakawa a kwalekwale. Ruwan da aka auna a Yamai kuwa yana ɗaukar kwanaki kafin ya iso Malanbil, kwanakin da suka isa a kwashe buhunan hatsi, a kora dabbobi tudu, a fitar da injin ban ruwa daga fadama. Hukumar Kogin Neja, wato Kwara, mai ƙasashe 9, wadda hedikwatarta ke Yamai, an kafa ta ne domin irin wannan musayar bayani. Ko gwamnatocin biyu ba su shirya ba, ya wajaba alƙaluman sandar Yamai su isa ofishin magajin garin Malanbil kowace safiya daga Agusta zuwa ƙarshen Satumba, jami'o'in ƙasashen biyu kuma su ne suka fi kowa damar matsa wa hukumomi lamba a kan hakan.