Sana'ar Mai Renon Itatuwa

Ina so in yi muku bayanin wata sana'a da mutane suke rainawa, wato renon itatuwa. Na ga masu yinta a ƙasar Karasuwa, tsakanin Nguru da Gashuwa, inda ruwan sama ba shi da yawa, ga rairayi yana matsowa daga arewa.

Farkon aikin neman iri ne. Da rani mai reno yakan bi daji yana tsintar 'ya'yan gawo, da dakwara, da aduwa, da kuka, da kirya. Waɗansunsu sai ya yi tafiya mai nisa kafin ya sami uwa mai kyau, don masu neman itacen girki da gawayi sun rage su ƙwarai.

Kowane iri da halinsa. Ƙwayar kuka ɓawonta tauri gare shi, sai an jiƙa ta cikin ruwan zafi ta kwana. Ta gawo kuwa, wadda aka tsinta a turken awaki ta fi saurin tsirowa, don cikin akuya ya riga ya tausasa ta. Goruba ba ta son leda, saboda tana zurfafa saiwa tun kafin ta fid da ganye, sai a binne ƙwallonta a inda za ta zauna. Sauran ana shuka su cikin leda mai yashi da taki wajen watan Afrilu, a yi ta ban ruwa, a dasa a watan Yuli idan damina ta zauna.

To, me ya sa ba za a tsaya ga darbejiya ba, tun da tana da saurin girma? Darbejiya baƙuwa ce daga Indiya, ta kuwa yi mana rana wajen inuwa. Amma gawo yana zub da ganye da damina, gero ya yi kyau a ƙarƙashinsa. Dakwara kuma bayan kamar shekara 5 sai ta fara ba da ƙaro, wanda yana cikin kayan da aka riƙa lodi bayan jirgin ƙasa ya iso Nguru a 1930.

Saboda haka ina roƙonku, duk wanda aka tura wata makaranta ya kafa ɗan lambun reno, ya sa yara su kawo irin itatuwan garinsu. Idan uwayen suka ƙare, babu kasuwar da za a sayo irin.