Sulusin da Ba Ya Kaiwa Jami'a

Idan mai hali ya rasu a Ruwan Bore, ko Mada, ko Kwatarkwashi, aka ce ya bar wasiyya, kusan kowa ya san abin da za a ji: a gina masallaci, a haƙa rijiya, a yi wa maƙabarta katanga. Duk alheri ne. Amma da wuya ka ji an ce marigayi ya ware wani abu don 'ya'yan talakawa masu karatu a Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, ko Jami'ar Jiha da ke Talatar Mafara. Mun ɗauka jami'a kayan gwamnati ce, ita da asusun TETFund na tallafa wa manyan makarantu su ji da ita.

Magabata ba su ɗauke ta haka ba. Ƙarawiyyin ta birnin Fas a Maroko, da dukiyar gado Fatima al-Fihri ta assasa ta a shekarar 859. Azhar ta Masar ta yi ƙarnuka tana ciyar da malamai da ɗalibai, har da na ƙasashenmu, daga kuɗin waƙafi. A Amurka ma, Harvard ta samo sunanta ne daga wani mai wa'azi da ya rasu a 1638 ya bar mata rabin dukiyarsa da littattafai kimanin 400. Kyautar manyan attajirai, irin naira biliyan ɗaya da gidauniyar Abdussamad Rabi'u ta ba Jami'ar Ahmadu Bello a 2021, abin yabo ce, amma maganata a kan ɗan kasuwa ne mai shago uku a Tudun Wada, da malamin makaranta mai jiran fansho.

Hanyoyin bayarwa biyu ne, wasiyya da waƙafi, kuma mutane na yawan cakuɗa su. Wasiyya ba ta aiki sai bayan rai, kuma tana da iyaka. Da farko a yi wa mamaci sutura, a biya bashi, sannan a fitar da wasiyya daga abin da bai wuce sulusi ba, sauran na magada ne. Asalin iyakar shi ne hadisin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, wanda ya so ya bayar da mafi yawan dukiyarsa, Manzon Allah (SAW) ya tsayar da shi a kan sulusi, ya kuma nuna masa cewa barin magada cikin wadata ya fi barin su suna roƙo. Ba a yi wa magaji wasiyya, amma makaranta ba magajiya ba ce, don haka ƙofa a buɗe take.

Waƙafi, ko hubusi kamar yadda malaman zaure ke faɗa, shi ana yin sa ne mutum na da ransa da lafiyarsa, irin yadda Sayyidina Umar ya yi da gonarsa ta Haibar: a tsare asalin dukiyar, a riƙa ciyar da amfaninta. A nan ne Malikiyya ke da wani sharaɗi da ke kayar da mutane da yawa. Dole abin ya bar hannunka tun kana lafiya. Wanda ya ce gidansa na haya waƙafi ne, amma ya ci gaba da karɓar kuɗin hayar yana sawa aljihu har ajali ya riske shi, to gidan ya koma gado. Wanda kuma ya jira sai yana kwance cikin ciwon ajali, kyautarsa ta zama tamkar wasiyya, ba za ta wuce sulusi ba. Magana a bakin gado, da shaida ɗaya da ke iya mantawa, ita ke kai 'yan uwa gaban alƙali.

Sai batun fansho. A Amurka mutum na iya cike fom ya sa sunan jami'a a matsayin wadda za ta karɓi ragowar asusun ritayarsa, kuma sauƙin haraji na cikin abin da ke jan mutane. Namu tsarin daban ne. Ƙarƙashin dokar fansho ta 2014, ma'aikacin tarayya ko na kamfani yana zuba aƙalla kashi 8 cikin ɗari, mai ɗaukar aiki ya ƙara kashi 10. Idan ya rasu, kamfanin fansho ba ya sakin abin da ke asusun sai da wasiyyar da kotu ta tabbatar ko takardar kotu ta kula da dukiyar mamaci. Sunan makusancin da ka rubuta a fom bai sa kuɗin ya zama nasa ba. Da yawa ba su san wannan ba. Kuɗin na shiga cikin dukiyar da za a raba ne, saboda haka mai son jami'a ta samu wani abu daga ciki, sai ya rubuta a wasiyya, cikin sulusin nan dai. Mafi sauƙi a ganina shi ne wanda ya karɓi dunƙulen kuɗinsa na ritaya ya yanke abin da zai iya tun yana gani da idonsa.

Me ya fi dacewa a bayar? A yanayin tsaron da ake ciki tsakanin Gusau, Tsafe da Bunguɗu, gonar da ke can cikin daji wadda mai ita ma ba ya iya zuwa ba za ta biya wa kowa kuɗin rajista ba. Shago ko gidan haya a cikin gari ya fi. Kuma a fayyace manufa: kuɗin makarantar ɗalibai biyu daga gundumar Ruwan Bore duk shekara, ko na 'yan mata masu karatun kimiyya. Wanda ya rubuta "na ba jami'a" kawai, ya zuba ruwa a rairayi.

Na san abin da ke ran mai karatu: wa zai riƙe amanar? Tambaya ce mai kyau, kuma ba a amsa ta da wa'azi. A naɗa masu kula fiye da ɗaya, a rubuta wanda zai gaje su, a sa shaidu adilai, a ajiye kwafi a kotun shari'a. Zamfara na da Hukumar Zakka da Waƙafi a Gusau, ana iya neman shawararta kafin a sa hannu. Su kuma jami'o'in, idan suna son irin wannan dukiya, sai su riƙa fitar da lissafi duk shekara: shagon wane ya kawo kaza, an biya wa ɗalibai kaza, ga garuruwansu, kuma a aika wa magada kwafi.