Gawo, Aduwa da Magarya: Wani Adashin da Muke Zubawa a Ƙasa

A Adar duk wadda ta manyanta ta san fako, ƙasar nan mai tauri da ruwa ke sauka kanta ya wuce bai shiga ba. Bayan farin 1984 irin wannan ƙasa ta cika tuddan Keita. A shekarar ce aka buɗe Furojen Keita da kuɗin Italiya da hannun hukumar FAO, daga baya aikin ya kai Buza. Maza sun tafi bida, don haka yawancin masu ɗaukar dutse da haƙa ramuka mata ne, iyayenmu da yayyenmu, ana biyansu da abinci. Cikin kusan shekara 20 an dasa itace wajen miliyan 18.

Yau babu mai raba mana hatsi don mu haƙa rami, amma zaizayar ƙasa ba ta tsaya ba, iccen girki kuma kullum ƙara nisa yake. Abin da muke da shi, wanda iyayenmu ba su samu ba, shi ne asusu. Tsarin Mata Masu Dubara, da ƙungiyar CARE ta soma a jihar Maraɗi a 1991, ya koya mana tara ƙanƙane ya zama babba. To, me zai hana wani ɓangare na ribar akwati ya tafi ga renon itace?

Wane icce za mu rena? A kwarin Majiya, tun 1975 aka jera layukan dogon yaro don tare iska, ya kuma kama don ruwa na kusa a can. A kan tudu, namu na gida ya fi jure ƙishi. Gawo na zubar da ganye da damina, gero ya yi kyau ƙarƙashinsa, da rani awaki su ci 'ya'yansa. Aduwa na ba mu 'ya'ya da mai. Magarya abin kai wa kasuwa ce, bagaruwa kuwa majema na nemanta.

Aikin ba ya son kuɗi da yawa. Mu tara iri da rani daga icce mai lafiya. Irin gawo da bagaruwa na da ƙwarya mai tauri, sai a zuba masa ruwan zafi ya kwana kafin a shuka a leda, wata 3 zuwa 4 kafin dashe. A fako mu haƙa rabin wata, bakinsa na duban inda ruwa ke gangarowa, mu sa taki, mu dasa in damina ta zauna a watan Yuli. Sannan a yi shinge, a raba ranakun gadi, in ba haka ba awaki za su cinye wahalarmu cikin yini guda.

Abu ɗaya kada mu yi sakaci da shi: takarda. Fakon da ba mai so, da zarar ya yi kore sai masu shi su bayyana. Kafin mu taɓa diga, mu je wurin mai gari da hukumar filaye ta Cofo, a rubuta sunan ƙungiya, iyakar fili da shekarun aro, gaban shaidu.

A taron mako mai zuwa, kowace ƙungiya daga Madawa zuwa Buza da Keita ta sa maganar a faifai: fili nawa, leda nawa, su wa za su fara tara iri.