Ya Buɗe wa Wasu Ƙofa, Shi Ya Rage a Ciki

A watan Nuwamba na 1963, wani yaro baƙar fata ɗan shekara 17, Henry Montgomery, ya ƙi zuwa makaranta a Baton Rouge ta jihar Louisiana a Amurka. Ɗan sanda Charles Hurt ya tare shi, yaron ya zaro bindiga ya harbe shi har lahira. Hurt ya bar mata da 'ya'ya, rashin da babu kotun da za ta iya mayar musu.

Da farko hukuncin kisa aka yanke wa Montgomery. Kotun ƙolin jihar ta soke shi, domin zafin da gari ya ɗauka ya hana a yi masa adalci. A shari'a ta biyu aka yi masa ɗaurin rai da rai, babu damar sassauci. Doka ce ta ɗaure hannun alƙali, ba ta bar shi ya dubi ƙuruciyar yaron ba.

A kurkukun Angola na jihar, tsohuwar gonar bayi, Montgomery ya girma ya tsufa. Ya taimaka aka kafa ƙungiyar dambe, yana jan matasan fursunoni a jiki yana yi musu nasiha.

A 2012 Kotun Ƙolin Amurka ta ce tilasta irin wannan ɗauri a kan yaro ya saɓa wa tsarin mulki. Lokacin ɗaukaka ƙara ya wuce wa Montgomery tuntuni, amma dokar Louisiana ta yarda a nemi gyaran haramtaccen hukunci kowane lokaci. Ta nan ya bi. Bai musa kisan ba, hukuncin kawai ya ce a duba. Kotunan jihar suka ce sabon matsayin bai shafi tsofaffin shari'u ba.

Ranar 25 ga Janairun 2016, alƙalai 6 cikin 9 na Kotun Ƙoli suka ce ya shafe su. Ɗaruruwan fursunoni suka koma gida da albarkacin ƙararsa.

Abin da ke sosa mini rai shi ne, shi bai fita ba. Hukumar sassauci ta ƙi shi a 2018, ta sake ƙin shi a 2019, yana nan yana ganin waɗanda suka same shi a ciki suna ɗaure kaya. Sai ranar 17 ga Nuwamban 2021 aka buɗe masa ƙofar Angola, yana ɗan shekara 75.