Matata: Mai Tsaron Inji da Numfashinmu

Ƴan'uwa manoma da direbobi, mu mutanen Diffa mun san ƙura. Daga watan Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana kwaso ta daga hamada. A daidai wannan lokaci ne injinan ban ruwa suke aiki a gonakin tattasai na bakin Komadugu, daga Shetimari zuwa Geskeru da Boso. Motoci kuma suna jigilar buhuna zuwa kasuwa. Idan inji ya tsaya ana tsakiyar ban ruwa, tattasai ya yi yaushi, wahalar shekara ta tafi a banza. Sau da yawa abin da ke kashe inji ƙaramin abu ne: matata, wadda makanikai ke kira filta.

Mene ne aikin matata?

Inji yana shaƙar iska kamar mutum. Kafin ya ƙone lita 1 ta fetur, sai ya shaƙi iska kusan lita 10,000. Idan iskar tana ɗauke da rairayi, zai riƙa goge cikin injin kamar yadda dutsen niƙa ke cin hatsi. Sai inji ya rasa ƙarfi, ya fara hayaƙi, ya riƙa shan baƙin mai. Aikin matata shi ne ta tare datti tun daga ƙofa.

Motocin zamani suna da matata 4: ta iskar inji, ta baƙin mai, ta fetur ko gazuwal, da ta iskar cikin mota wadda mu da kanmu muke shaƙa.

Injin ban ruwa

A yawancin ƙananan injinanmu, matatar iska soso ce ko takarda. Mu duba ta kowace safiya. Mu tsabtace ta bayan awa 50 na aiki, ko kafin haka idan ƙura ta yi yawa. Soso ana wanke shi da ruwa da sabulu, a shanya ya bushe sarai, a ɗiga masa sabon baƙin mai, a matse. Takarda kuwa ba a wanke ta. Ana ƙwanƙwasa ta a hankali, idan ta yi baƙi ko ta yage a saya sabuwa. Kada mu cire matata don inji ya ƙara ƙarfi. Ƙarfin ɗan lokaci ne, asarar kuwa babba ce.

Sabon inji ana juye masa baƙin mai bayan awa 20, daga nan sai kowace awa 100. Kada mu manta da rariyar bakin tiyo da ke cikin kogi, domin ita ke hana ciyawa da tsakuwa shiga famfo.

Mu lura da man da muke zubawa. Tun 2011 ƙasarmu take da matatar mai a Damagaram. Amma ko mai ya fito da tsabta, yana iya kwasar ƙasa da ruwa a cikin jarka ko kwalba. Mu tace shi da ƙyalle mai tsabta a kan mazurari.

Mota

A hanyoyi masu ƙura, kamar na ƙauyukan bakin kogi, ya dace a yi juye bayan kilomita 5,000. Duk ranar juye a sake matatar baƙin mai, a kuma duba ta iska. Mu ɗaga ta mu kalli rana. Idan haske bai ratsa ta ba, ta gama aiki. Idan mota tana shaƙewa a kan hawa ko cikin rairayi, a duba matatar fetur.

Yadda za mu sayi ta ƙwarai

Araha ba ta ado. Akwai jabu da yawa a kasuwa. Mu tafi kanti da tsohuwar matata a hannu. A jikinta akwai lamba, mu gwada ta da lambar sabuwar. Mu duba robar bakinta, ta kasance mai laushi, ba tsagewa. Ninkin takardar ya kasance mai yawa kuma daidai. Matatar da ba ta zauna daram ba, ƙura za ta bi ta gefenta. Bayan aiki, mu roƙi makanike ya nuna mana wadda ya cire.

Warin na'urar sanyi

Wani lokaci idan aka kunna na'urar sanyaya mota, sai a ji wari kamar na jiƙaƙƙen tsumma. Ga dalili. Na'urar tana tatsar ruwa daga iska, kamar raɓar da ke taruwa a jikin kwalbar ruwan sanyi. Ruwan yana fita ta wani ɗan tiyo a ƙarƙashin mota. Idan tiyon ya toshe, ruwa da ƙura su haɗu a cikin duhu, sai fumfuna ta tsiro. Abin ya fi yawa da damina, daga Yuli zuwa Satumba. Shaƙar fumfuna tana kawo atishawa da tari, tana kuma tayar da ciwon asma, musamman ga yara da tsofaffi.

Ga magani:

1. A sake matatar cikin mota sau 1 a shekara, ko bayan kilomita 15,000. Yawanci tana bayan ɗan akwatin da ke gaban kujerar fasinja. Wasu tsofaffin motoci ba su da ita.
2. A buɗe tiyon da ya toshe. Idan na'ura na aiki, ya kamata a ga ruwa na ɗiga ƙarƙashin mota.
3. Minti 5 kafin isa gida, a kashe sanyin a bar fanka tana juyawa, don cikin ya bushe.
4. A fitar da shimfiɗun ƙafa a shanya su a rana.

Turare yana rufe wari ne kawai, ba ya kashe fumfuna. Idan kuwa warin hayaƙin inji ne ke shigowa, a sauke gilashi nan take, a nufi gareji, domin wannan hayaƙi yana kisa.

Ƴan'uwa, tun da mun iya rubutu, kowa ya tanadi ɗan littafi. A rubuta ranar juye, da ranar da aka sake matata, da awoyin aikin inji. Kafin ruwan Komadugu ya sauko, mu duba injinanmu. Rigakafi ya fi magani.